Kujerar da ke Hagun Tela

Duk layin an san Baba Tela da abu biyu: ɗinkinsa ba ya warwarewa, bakinsa kuma ba ya rabuwa da sigari. Shekara talatin da ɗaya yana shago guda, ɗan tsukukun ɗaki mai taga ɗaya, ita ma kullum a rufe don kada ƙura ta sauka kan farin yadi. Gefen teburin kekensa duk tabon ƙuna ne, inda yake ajiye karan sigarin idan zai zura zare a allura.

Amma fa mutum ne mai tsabtar sana'a, har abin ya so ya yi yawa. Bai taɓa yarda kayan mutane su yi warin taba ba. Yadudduka suna hannun damansa a lulluɓe da leda, in ya zuƙa sai ya karkata kai hagu ya fesar. Da wannan yake cika baki. "Shinshina ka ji," yakan ce wa mai karɓar ɗinki. "In ka ji wari, ka canza tela."

A hagun nan kuwa akwai wata 'yar kujera. Matarsa ce ke zama a kai tun suna sabon aure, tana dasa maɓallai tana kalmasa bakin riga da hannu. Mace ce mai tsokana. Idan hayaƙin ya turnuƙe ta, sai ta kaɗa shi da tafin hannu ta ce, "Malam, ni dai turaren da ka taɓa saya min ke nan." Ya yi dariya, ta yi dariya, keke ya ci gaba da ƙara.

Da tari ya kama ta, sai suka ɗauka mura ce. Sai da ta kai ba ta iya tsallaka titi ba tare da ta tsaya ta huta ba, sannan ya kai ta asibiti. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinta ya daɗe yana dubawa.

"Mama, shekara nawa kika yi kina shan taba?"

"Ni? Ko kunna ta ban iya ba, ɗan nan."

Likitan ya dubi yatsun Baba Tela da suka rine, bai ƙara tambaya ba. Ya ce huhun ya ji jiki, magani zai sassauta, amma ba zai dawo da shi yadda yake ba. Kunya da baƙin ciki suka rufe tsohon, ya rasa inda zai sa idonsa. A hanya ita ce ma ke lallashinsa: "Haba Malam, ai ba da gangan ka yi ba."

Ya bar sigari, kuma ya sha wuya kafin ya bari. Wata uku yana tauna tsinke yana faɗa da zare. Tagar yanzu a buɗe take, ƙura na sauka inda ta ga dama. Matar tana gida, numfashi ba ya barin ta zaman shago. Shi ke dasa maɓallan, yana kai mata ta duba, tana yi masa dariyar sun karkace.

Kujerar tana nan, ya ƙi ɗauke ta. Har yau idan zai sauke numfashi, wuyansa kan juya hagu da kansa. Sai ya riƙe numfashin, ya juyo dama wajen yadudduka, sannan ya sake shi.