Hannayen Ponnammal

Tun tana 'yar shekara tara Ponnammal take shiga fadamar arewacin birnin Chennai na ƙasar Indiya, inda ruwan teku ke garwaya da na kogi. Ba ta taɓa mallakar komar kamun kifi ba. Durƙusawa take yi, ruwa iya wuya, ta ciji bakin kwandon kaba, hannayenta suna lalube cikin laka har su ji motsin jatan lande. Shekara hamsin na cizon kwando sun siɗe mata haƙoran gaba, kamar tsakuwar da ruwa ya daɗe yana lasa.

Fadamar ce ta ciyar da ita, ita ce kuma ke shanye ruwan damina kafin ya iso bukkarta.

Sai birni ya matso. Tifofi suka riƙa juye ɓaraguzan gini a kan itatuwan bakin ruwa, ɗanta Elumalai yana cikin direbobin.

"Inna, ni sitiyari kawai na riƙe," in ji shi. "In ban zuba ba, wani zai zuba."

Da aka tashi rushe bukkoki, aka yi shela cewa masunta kaɗai za a ba ɗaki a sabon gini. Ta shafa man kwakwa a kai, ta bi layin rajista a ofis.

"Kaka, ina kwalekwalenki?" in ji akawu.

"Ba ni da shi, yallaɓai."

"Koma fa? Ko ƙugiya?"

Ta shimfiɗa hannayenta a teburinsa, duk tsaga da tabo, ta buɗe baki ta nuna haƙora.

Ya janye takardunsa. "Nan ba asibiti ba ne! Ai ni ma ina da hannu, masunci ne ni ke nan? Je ki kamo mu gani."

Layi ya kwashe da dariya, har masu kwalekwalen da suka san ta.

Ta ɗauki maganar da gaske. Kwana biyu tana lalube a kududdufin da ya rage: kwalba, ƙarfe, fasasshen bulo, sai jatan lande huɗu. Tifa ta tsaya a kanta, Elumalai ya danna hon.

"Inna, fito mana, ana jira na!"

Kwando na bakinta, ba damar amsawa. Ta fito, ya juye ɓaraguzan a kududdufin.

Ta isa ofis yatsunta na jini. Akawu ya leƙa kwandon.

"Ashe kin iya! Sai dai an rufe rajista tun jiya. Ajiye su nan, kada su lalace."