Sunan Ɗan Fari a Gaban Kwamiti

Har yau ban manta da safiyar da na raka Alhaji Iliyasu gaban kwamitin asibiti ba. Ku da kuka shigo aikin rakiya kwanan nan, ku karanta wannan da natsuwa, don ni ma da natsuwa na rubuta shi, sai da na girma na koyi rubutu.

A lokacin ina ofishinmu na tura kaya da ke titin Huanshi Lu. Aikina ɗaure kaya da kai su filin jirgin sama na Baiyun, amma da yake bakina ya kama Sinanci, duk wanda ya kwanta ciwo cikin mutanenmu ni ake turawa da shi asibiti. Alhaji Iliyasu mutumin Maraɗi ne, dillalin yadi, ya daɗe a garin nan. Ƙodarsa duka biyu sun daina aiki, ana yi masa wankin ƙoda, wato a jona shi da inji ya tace masa jini. Babban ɗansa Haruna, magidanci mai 'ya'ya biyu, shi ke riƙe da shagon, kuma shi ya ce zai ba uban ƙoda ɗaya.

Da na gaya wa likitan da ke duba Alhaji, sai da ya ajiye biro. Ya ce ya sha ganin baƙar fata a ɗakin wanki, amma bai taɓa ganin wanda ya zo da mai ba shi ba. Ya tambaye ni dalili. Na ce wasu tsoro, saboda labarin satar ƙoda da ake yi a gida, wasu kuma ba wanda ya taɓa yi musu bayani da harshensu cewa mutum yana rayuwa da guda ɗaya. Aka yi wa Haruna gwaje-gwaje, har da ƙari, don likitan ya ce hawan jini da ciwon ƙoda sun fi kama mutanenmu, ba ya so a gyara uba a kassara ɗa. Komai ya fito lafiya.

Saura kwamiti. A dokar ƙasar nan, mai rai ba ya ba da ƙoda sai ga dangi na kusa ko miji da mata, don a hana ciniki. Kwamitin likitoci da wasu ma'aikata ke zama, su ga mai bayarwa daban, mai karɓa daban, sannan su haɗa su. Baƙo kuma sai an ƙara neman izini daga sama. Tafinta yana da ƙa'ida ɗaya: abin da aka faɗa shi zai faɗa, ba ragi ba ƙari.

Haruna ya shiga ya fito lafiya. Da aka haɗa su, shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai farin gashi, ta nuna Haruna ta ce a tambayi Alhaji sunan wannan mutumin.

Alhaji ya kawar da kai gefe.

Na ce, "Alhaji, sunansa suke so ka faɗa."

Ya ce, "Ai ga shi nan zaune, su tambaye shi mana."

Na fassara. Ta ce to mene ne tsakaninsu?

Ya ce, "Yaron gidana ne."

Mu mun san abin da ke nan. Haruna ɗan fari ne, kuma Alhaji na cikin dattawan da ke jin kunyar ɗan fari: ba ya kiran sunansa, ba ya haɗa ido da shi cikin mutane, ba ya cewa ɗana. Ko a shago, "kai" yake ce masa. Amma su abin da suka gani daban ne: attajirin Afirka, da wani da bai san sunansa ba, da ba ya ko kallonsa, yana kiransa yaron gida. Sun sha jin labarin talakawanmu da ake saye.

Na faɗi maganar yadda take, sannan na nemi izinin bayani. Shugabar ta ɗaga hannu, ta ce tafinta ba shaida ba ne.

Haruna ya sunkuya ya ce a hankali, "Baba, don Allah. Sau ɗaya kawai."

Na ga leɓen Alhaji yana motsi. Ya ce, "Malam Sabo, ka ce musu su duba fuskarmu."

Ba su ƙi ba, sun dai ɗage. Suka ce a yi gwajin jini na tabbatar da uba da ɗa, a kawo takardar haihuwa daga Maraɗi, a buga mata hatimi, a fassara, sannan a sake zama. Likitanmu ya biyo mu waje yana cewa ba yadda zai yi, ba ya cikin kwamitin.

A tasi Alhaji ya yi ta faɗa. "Ni zan sayi abin da na haifa? Wane irin mutane ne waɗannan?" Da muka kusa gida, Alhaji ya sassauta murya ya ce mini, "In sun sake kira, zan faɗa."

Takarda ta yi watanni a hanya. Ana cikin jira, wurin da ake jona masa inji a wuya ya ruɓe, zazzaɓi ya shiga jini. Ya rasu cikin damina. Bayan mun binne shi aka bugo wa Haruna waya daga asibiti, gwaji ya tabbata, takardu sun cika, a zo zama na biyu. Wayar ya miƙo mini, ni na gaya musu.

Abin da na koya shi ne, aikin tafinta tun a waje yake farawa. Yanzu kafin in shigar da kowa, sai na zaunar da likita na gaya masa yadda muke: marar lafiyarmu yana cewa da sauƙi ko yana mutuwa, uba yana kawar da kai daga ɗan da ya fi so. Namu kuma in gaya masa tambayoyin da za a yi, in sa ya amsa da bakinsa ina ji. In ya kasa a gabana, ba ma shiga ranar.

Kwanaki likitan nan ya tare ni a ƙofar ɗakin wanki. Na tambaye shi ko wani namu ya sake zuwa da mai ba shi. Ya girgiza kai ya ce, "Meyo." Babu.