Hatimi a Kan Ƙullutu

Malam Lado, akawun sashen ɗaukar hoto a asibiti, yana kallon wani dogon ɗan dako mai sanƙo daidai wurin gammo. Da alama buhunan Babbar Kasuwa ne suka cinye gashin. Ɗan dakon yana tsaye a karkace, yana shafa farin ƙullutun da likita ya nuna masa a gindin jijiyar bayansa, cikin baƙin hoto.

"Malam, buga mini hatimi nan. Maigidana ya ce lalaci ne, zai sallame ni."

"Baba, tawada za ta rufe ƙullutun."

"Ta rufe. Alhaji bai san jijiya ba, amma yana tsoron hatimi."

Lado ya buga, ya sa kwanan wata. Mutumin ya fita yana ɗingishi, yana hura wa tawadar iska.