Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Wata ranar Litinin ce ta watan Oktoba, shekara biyu bayan samun ƴancin kai, na tsaya a layi a farfajiyar lakwal, wato makarantar boko ta gwamnati, kusa da unguwarmu ta Zongo a Yamai, sanye da sabuwar rigar da babana ya yanka daga yadin rumfarsa. Yawancinmu ba mu da takardar haihuwa a zamanin, don haka yadda ake gane yaron da ya isa shiga lakwal shi ne ya ɗora hannun dama bisa tsakiyar kai ya kamo kunnen hagu. Wanda ya kamo ya wuce ciki, wanda bai kamo ba sai baɗi. Da layi ya zo kaina na miƙa hannu, na karkata wuya, na ɗaga kafaɗa, har da ɗage dugadugai kamar hakan zai taimaka. Darakta, shugaban lakwal ɗin, ya dafa kaina ya daidaita shi, sai ga yatsuna suna lilo can sama da kunnen. Karo na biyu ke nan, don bara ma haka aka yi. Mai gadi, wani dattijo Bazabarme, ya raka mu ƙofa yana cewa "Kala suru," wato sai haƙuri. Na daure ban yi kuka ba, sai da na ga ɗan maƙwabcinmu da na ba shekara guda ya wuce ciki yana waiwaye.

Laifin ba na shekaruna ba ne. Allah ne ya yi ni gajere, ya haɗa min da kai kamar tulu. Kakata Iya Delu, mahaifiyar babana, wadda ba ta kirana da komai sai "maigidana", ta yi shekara guda tana fama da hannun nan. Kullum da safe sai ta shafe shi da man shanu ta ja har in ji kafaɗata na ƙara. Ni kuma in na gama ɗebo ruwa a famfo, na zuba wa raguna harawa, sai in maƙale a reshen dogon yaron tsakar gida in yi ta reto, kaji na kallona. Man shanun Iya ya ƙare, hannu yana nan inda yake.

Babana Bamaraɗe ne mai rumfar yadi a Babbar Kasuwa, kuma ba ya maimaita magana. Da muka dawo gida ya ce tun da boko ta ƙi ni sau biyu, ranar Juma'a Kawu Idi zai zo ya tafi da ni Kirkisoye, hayin kogi, in taya shi ban ruwan lambu. Lokacin babu gada, sai a kwalekwale. Ina son lambun Kawu in dai ziyarar yini ce, a sha mangwaro a yi wanka a dawo. Amma na san yaran danginmu da aka tsallaka da su, babu wanda ya dawo ya zauna a aji. Kuma baɗi ko hannun ya kai, haƙorana za a duba a ce na wuce shekarun shiga. Tsoro ya kama ni ƙwarai, har tuwo ya fita raina.

Iya Delu ce ta jiyo a bakin mai sayar da zogale cewa wani tsohon malamin lakwal da ya yi ritaya, Mushe Gado (Mushe laƙabin malaman lakwal ne daga Faransanci), ya samu izini ya buɗe tasa makarantar a gidansa, iyaye na biyansa wata-wata. Babana ya ce shi ba zai biya abin da gwamnati ke bayarwa kyauta ba. Iya ta ajiye mazarinta ta dube shi. "Kyautar da ba a ba ka ba, mi ta daɗa maka? Kai yadi kake auna da kamu, ɗanka ma da kamu za ka bari a auna shi? Gajere ba yaro ba ne." Washegari bai buɗe rumfa da wuri ba, ya sa ni gaba muka nufi gidan Mushe Gado.

Mushe Gado dogo ne, ɗan Damagaram, da tabarau da aka ɗaure da zare. Ina ganinsa, tun kafin a gama gaisuwa, na ɗora hannu a ka na fara karkata wuya. Ya yi dariya har da tari. "Sauke hannunka, ɗana. Kunnen dai yana ji?" Ya zaunar da ni, ya ba ni labarin wani mai jaki da ya ɓata a hanyar kasuwa, ya ce in mayar masa. Na mayar masa duka, har na ƙara wa jakin gurguwar ƙafa. Ya ce wa babana in zo da allo da alli gobe. Ranar Juma'a Kawu Idi ya zo, ya ci tuwo, ya koma shi kaɗai.

Makarantar ba ta wuce rumfar zana da benci kaɗan ba, akuyar matarsa ma takan shigo ta tsaya kamar mai neman darasi. Amma ba mu da yawa, kuma Mushe ya san gidan kowa. In Faransanci ya cije, sai ya warware mana da Hausa ko Zabarmanci sannan ya koma, alhali abokanmu na lakwal ta gwamnati suna shan bulala in harshen gida ya kuɓuce musu. Da ya ga ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa, ya sa min tubali a ƙarƙashin benci. Lokacin hutu mu buga ƙwallon tsumma da langa a lungu, mai sayar da farin masa na jiranmu a bakin ƙofa. Babana da ya ƙi biya shi ne ya koma zuwa bayan la'asar yana zama a tabarmar Mushe. Shi ya nemi a riƙa tashinmu da wuri ranar Juma'a, aka kuwa yi, kuma shi ya kawo yadin da aka kare rumfar makarantar daga rana.

Ina aji biyu, wata safiya ina wanka, na ji yatsuna sun kamo kunnen. Na ruga da kumfa a jiki na nuna wa Iya. Ta ce, "To maigidana, sai ka koma ka nuna wa darakta. Wani hani ga Allah baiwa ne." A lokacin har na fara karanta wa babana rubutun da ke jikin dilolin yadi.

Yau gada ta haɗa Yamai da hayi, makarantu masu zaman kansu sun cika gari, wasu benaye, kuma babu mai tambayar yaro kunne. Gidan Mushe Gado ya zama shaguna. Bana na raka jikata Hadiza neman makaranta, ita ma ƴar ficika, ta gado ni. Mun shiga wurare masu fenti da fanka inda takardunta kawai aka duba. A wata ƙaramar makaranta, shugabar ta durƙusa daidai tsawon yarinyar ta ce ta ba ta labari. Hadiza ta fara, idanuna suka ciko, na tuna tabarau mai zare. Ban jira jin ƙarshen labarin ba, na ce wa uwarta nan za mu bar ta.