Ƙofar da ta Gagari Baba Yanzu-Yanzu

Shekara ashirin da biyu ina sakatariya a sashenmu na jami'a, ban taɓa jin kafintanmu ya ce "sai gobe" ba. Shi ya sa muke kiransa Baba Yanzu-Yanzu. Ɗan siririn tsoho ne, fensir a bayan kunne, babban yatsansa na hagu ya baje saboda guduma. Ka kai masa kukan kujera da safe, kafin shayinka ya huce za ka gan shi tsugune ƙarƙashinta yana yi mata faɗa. Da ɗaukar katako ya fara tun yana saurayi, har ya gaji shagon da ke bayan ɗakin karatu. "Ni ba ni da digiri, 'yata," yakan ce min, "amma fayil ɗina fes yake, ko takardar gargaɗi ɗaya babu." Da wannan yake taƙama, kuma ya isa.

Akwai wani malami a sashen, Dakta muke ce masa. Ba ya zagi, ba ya tsawa. Sai dai in ɗaliba ta shiga ofishinsa ya tura ƙofa ya murza makulli, wai hayaniya ke hana shi tunani. A shekarar nan wata yarinya da yake duba bincikenta na ƙarshe ta shiga uku. Auta ƙawayenta ke kiranta. Awa biyu zai tsare ta yana tambayar turaren da ta shafa da wanda ke kiranta a waya, babi na biyu kuwa ko buɗe shi ba a yi. In kuma bai sa hannu ba, babu kammala karatu.

Ta kai ƙara. Kwamiti ya zauna, ni ke rubuta abin da aka faɗa. "Ya taɓa jikinki?" A'a. "Ya nemi wani abu?" A'a. "Ya rage miki maki?" A'a. Suka juya littafin dokoki gaba da baya, babu inda aka hana malami kulle ofishinsa. Shugaban kwamitin mutumin kirki ne, wallahi, amma ya ce ba su da abin kamawa, canza mai duba aiki kuma sai da hujja a rubuce. Ina huci na buga rahoton nan.

Auta ta zauna a ofishina tana kuka, ta ce ita kam gida za ta koma, karatun ya ishe ta. Baba na durƙushe yana gyaran durowata.

Washegari sai ga shi a ofishin Dakta da jakar kayan aiki. "Dakta, gara ta ci ƙofar nan, sai an kai ta shago."

"Yaushe za ka dawo da ita?"

"Sai gobe," in ji Baba. Saura kaɗan shayi ya shaƙe ni.

Gobe ta zama mako, mako ya zama wata. Yau ƙusa ta ƙare, gobe fenti bai bushe ba. Ofis ya tsaya hanhai, duk mai wucewa sai ya leƙa ya gaisa, ni kuma na juya teburina yana kallon wajen. Dakta ya rataya labule, masu shara suka kwashe shi wai za su wanke. Zaman awa biyu ya koma minti ashirin. Babi na biyu ya wuce, na uku ya bi shi.

Dakta ya rubuta ƙorafi. Abin haushi, wannan kam akwai dokarsa: gyara ba ya wuce kwana bakwai. Takardar gargaɗi ta fito, saura wata huɗu Baba ya yi ritaya. Ni na kai masa ita shago. Ga ƙofa jingine da bango, lafiyarta ƙalau, gara ko sunsunarta ba ta yi ba.

"Haba Baba, ka mayar da ita mana. Fayil ɗinka fa!"

Ya daɗe yana kallon takardar. "Babi nawa ya rage wa yarinyar?"

"Ɗaya."

Ya sa hannu, ya ninke ta ya zura a aljihu. "To, sai gobe."

Ranar da Dakta ya sa hannu a aikin Auta, kafin la'asar ƙofa ta koma wurinta. Sai dai tsakiyarta ta zama gilashi, wai nan ne garar ta fi ci. Auta ta zo wucewa da takardunta a rungume, ta ce, "Sannu da aiki, Baba," ta yi gaba. Ba ta sani ba, shi kuma ya hana ni faɗa.

Na tsaya kusa da shi yana goge gilashin da hannun rigarsa. Na ce, "Baba, shekara talatin da biyar kana tattalin fayil ɗin nan. Ko sunan yarinyar ba ka sani ba fa."

Bai juyo ba. "Tawa babbar 'yar ma ta yi jami'a, a wani gari. Tana shekarar ƙarshe ta dawo gida da akwatinta, ta ce ta gaji. Na yi ta faɗa, na ce lalaci ne." Ya sake goge inda ya riga ya goge. "Ban tambaye ta wa ya gajiyar da ita ba, 'yata. Har yau ban tambaya ba."

Hawaye ya zubo min, ban ɓoye ba. Ya mayar da fensirinsa bayan kunne, ya ce in ara masa wayata ya kira 'yar tasa, tasa wayar babu caji.