Jar Akuyata da Masu Ba da Magani

Jar akuyar nan ita kaɗai ta rage mini daga garken Inna, Allah ya jiƙan ta. Don haka da ta fara ramewa, ciki kuma yana ƙara tudu, hankalina ya tashi ƙwarai. In ta mutu, iri ya yanke ke nan.

To, a Ƙofar Rini ba a rasa masana. Ka ce akuyarka ba ta da lafiya, ka ga likitoci! Maƙwabciyata ta aiko da jar kanwa. Ƙanin maigida ya zo da sassaƙen maɗaci, yana rantsuwa ko raƙumi ya sha sai ya miƙe. Wata 'yar'uwata kuwa tun daga Gidan Dahala ta kawo wani gari da ita kanta ba ta san sunansa ba. Kowa da ƙullinsa cikin baƙar leda. Ni ko in kwance, in jiƙa, in ɗura mata, in yar da ledar bayan turke. Baiwar Allah ga dusa ga harawa, sai dai ta shinshina ta kau da kai.

Ranar da ta kasa tashi na yi kuka sosai. Maigida ya ce, "Ke, shawarar ta isa hakanan." Ya rungume ta a kan babur ɗin kabu-kabu sai asibitin dabbobi, na bi su a baya.

Likitar, wata mata marar son surutu, ta danna cikin ta saurara, sannan ta dube ni.

"Hajiya, mi take ci?"

Na shiga lissafo mata magunguna, har da alfaharina. Ta ce, "Wagga akuya aikin tiyata za a yi mata."

Da aka gama, ta fito riƙe da roba ɗauke da abin da ta ciro daga cikin akuyar. Leda ce, jama'a, curi guda kamar ƙullin wanki! Wasu tsofaffi ne da akuyar ta daɗe tana tsinta. Amma na sama-saman nan na gane su sarai, har da mai ɗaurin jan zare ta ƙanin maigida. Ashe ina ba ta magani ta gaba, tana bin ledarsa ta baya. Maigida ya yi ta dariya har da riƙe bango.

Akuya ta tashi, bara ma tagwaye ta haifa. Da maƙwabciyata ta leƙo barka, sai ta ce ai ta san kanwarta ba ta ƙarya. Na ce haka ne, na yi mata godiya, na karɓe ledar hannunta tun daga zaure.