Sunan 'Yar Fari a Bakin Turmi

Laure ba boka ba ce, ba kuma ungozoma ba, wanda duk ya kira ta da ɗayan biyun nan sai ya ji babu daɗi. Mai dakau ce kawai a wani ƙauye arewa da Sule Tankarkar, gajeruwa, mafaɗaciya, mai damatsa irin na maƙera. Kakata Murja ce autarta. A bakinta na ji wannan labari, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

A yunwar Kakalaba, Turawa ba su daɗe da zuwa ba, mata da yawa sun rasa 'ya'ya ba su yi kuka ba, don ba su da ƙarfin kukan. Sai da aka koma cin tuwo sannan abin ya fito musu a jiki. Wata wuyanta ya sandare, wata kafaɗa ta ƙi ɗaguwa, wata numfashi ya tokare mata a ƙirji. Aka sha rubutu, aka yi ƙaho, shiru.

Laure cewa take baƙin cikin da aka hana fita ta ido, kafaɗa yake komawa ya zauna. Sai ta zuba gero a turmi, ta tsaya a bayan mace, ƙirjinta manne da bayanta, hannuwanta a kan nata bisa taɓarya. Su ɗaga tare, su sauke tare, sannu a hankali. Duk saukar taɓarya sai ta kira sunan matar: "Talatu. Talatu." Haka za ta yi ta yi har numfashinsu ya daidaita, har matar ta amsa. Da ta amsa kuwa kuka zai ɓalle, jiki ya ɗauki rawa, kafaɗa ta saki. Laure ta ce mata ta kwashe geron ta tafi da shi, ita ba ta shan fura mai gishiri.

Ana nan sai aka kawo Safara'u a kan jaki daga Gagarawa. Mijinta Mati ya cire takalmi, ya tsuguna daga nesa, kansa a ƙasa.

"Inna, ga ta nan," ya ce. "Tun da yaron ya rasu ba ta zubar da hawaye ba, kuma hannun ya ƙi miƙewa."

Hannunta na dama a lanƙwashe yake a ƙirji, kamar mai rungume da jariri. Yaron ɗan farinta ne, kunya ta hana ta kuka. Ita ma Safara'u 'yar farin Laure ce. Tun daga yaye aka kai ta wurin goggonta, Laure ba ta taɓa kama sunanta ba, "waccan" take ce mata. Ko wata Safara'un ta gamu da ita a rijiya, "mai sunan waccan" take kiranta.

Laure ta zuba gero, ta tsaya a bayanta. Ƙirjinta na taɓa bayan, sai yarinyar ta ƙara sandarewa, don jikinta bai san wannan jikin ba. Laure ta ɗaga taɓarya da lafiyayyen hannun yarinyar, ta sauke.

"Ke," ta ce. "Ke."

To, kowa ma ai "ke" ce. Safara'u ta yi ta kallon ƙasa.

Goggon da ta raine ta, wadda za ta iya kiran sunan, yunwa ta tafi da ita. Laure ta sa Talatu, ɗaya daga matan da ta warkar, ta gwada, tun da ita bakinta ba a ɗaure yake ba. Talatu ta kira sunan raɗau, amma daka take kamar ana korarta, ba ta iya jiran numfashin mutum. Damina ta shigo, Safara'u sai rama take, ba ta cin abin kirki. Kada wani ya ce mini ai da ta kira sunan an huta. Ba ku san harshen da ya tsufa yana kauce wa kalma ɗaya ba. Kakata ta ce ta sha ganin leɓen Laure yana motsi, amma babu abin da ke fita.

Wata rana da hantsi Laure ta kori matan gidan, ta ja ƙyauren danga. Kakata tana ɗaki tana jinsu. Taɓarya ta sauka, ta sake sauka, sannan wata murya ta fito a dishe, a karkace, ba irin wadda Laure take faɗa da ita ba.

"Safara'u."

Yarinyar ta ɗaga kai. Sai Safara'u ta juya fuska wajen danga, ta kasa kunne.

"Kamar ana kirana a waje," ta ce.

Laure ta sake kira, har da kuka, bakinta dab da kunnenta. Safara'u ta zame daga hannunta, ta koma gefe ta tsuguna ta sunkuyar da kai, kunya ta rufe ta, kamar ta ga uwarta ba zane. Daga ranar ba ta ƙara yarda ta kusanci turmi ba. Mati ya zo ya mai da ita Gagarawa, ba ta kai lokacin kaka ba ta rasu.

Laure ta ci gaba da dakau har ta tsufa. Kakata ta ce duk saukar taɓarya sunan take kira, a tsakar gida, ko da wa ke nan. Bakinta ya saba, sunan yana fita sumul. Mata suka riƙa cewa Laure ta zubar da kunya, ita kuwa ko juyowa ba ta yi.